Bulokcen: An Guje Wa Gara, An Faɗa Wa Zago

Duk wanda yake bin tarukan da ake shiryawa a manyan otal-otal na Abuja da Legas da sunan ci gaban zamani, ko kuma yake sauraron samarin da ke wa'azin kirifto a majalisu da wayoyin hannu, ba zai rasa jin wata magana da ake ta nanatawa kamar karatun aku ba. Maganar kuwa ita ce wai an samo wata fasaha mai suna bulokcen wadda ta kawo ƙarshen buƙatar amana tsakanin 'yan Adam. Wai daga yau dubban kwamfutoci da ke warwatse a duniya, waɗanda masu su ba su taɓa ganin juna ba, za su yi aiki tare babu shugaba babu dillali, ba mai iya ha'inci, ba mai iya danne haƙƙin wani, domin lissafi ne ke mulki. Da wannan romon baka ake neman a ɗora zaɓe, da rajistar filaye, da kuɗin jama'a a kan wannan sarƙa. Har a watan Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen.

To, kafin a miƙa wuya, wajibi ne a faɗa wa talaka abin da dillalan ba sa so ya ji. Fasahar gaskiya ce, tana kuma da aikin da take yi. Amma da'awar cewa ta kashe buƙatar amana ƙarya ce tsagwaronta. Amanar tana nan daram, hannu kawai ta sauya. An ɗauke ta daga hannun mutanen da aka san sunayensu da ofisoshinsu, waɗanda ko ba komai ana iya maka su a kotu, an danƙa ta ga wasu 'yan tsiraru da ke bayan labule, waɗanda in sun ci ta ba a ma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Asalin matsalar

Tun kafin a san wani abu wai shi Bitcoin masana kwamfuta ke fama da wannan matsala. A shekarar 1982 wasu masana uku a Amurka, Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease, suka fitar da wata maƙala da ta shahara a kan abin da suka kira matsalar kwamandojin Rumawa. Misalin da suka buga shi ne na wasu kwamandoji da suka kewaye wani birni, kowa da rundunarsa, ba sa iya magana sai ta hanyar 'yan aike, kuma dole su haɗu a kan shawara ɗaya, ko a afka ko a ja da baya, alhali akwai munafukai a cikinsu masu gaya wa wannan kaza, su gaya wa wancan akasinsa. Abin da ya dame su a zahiri shi ne kwamfutocin da ke sarrafa jiragen sama, inda ɗaya za ta iya lalacewa ta riƙa aika wa sauran bayanan da ke karo da juna. Sakamakon da suka fitar da hujjar lissafi shi ne, a irin wannan hali ba za a tsira ba sai in masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku. Ana buƙatar kwamandoji huɗu kafin a iya jure wa munafuki ɗaya.

Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a nan gizo ke saƙar. Tun ranar farko lissafin bai ce an daina buƙatar mutanen kirki ba. Cewa ya yi in mutanen kirki sun fi yawa da tazara, sharrin 'yan kaɗan ba zai rusa taron ba. Da sharaɗi aka zo, dillalan zamani kuma suka haɗiye sharaɗin suka bar jama'a da alkawari.

Ita kanta sarƙar ba wani tsafi ba ne. A ɗauka littafin uwar adashi ne, amma maimakon ya zauna a hannun mace ɗaya, sai kowane ɗan zubi yana da kwafinsa. A ƙarshen kowane shafi ana buga wani hatimi na lissafi wanda aka ciro shi daga abin da ke rubuce a shafin, sa'an nan a kwafi wannan hatimi a saman shafi na gaba. Wanda duk ya koma baya ya goge ko da harafi ɗaya, hatimin zai canza, shafukan da ke biye duka su tona masa asiri. Stuart Haber da Scott Stornetta ne suka bayyana wannan dabara a 1991, kuma daga 1995 kamfaninsu ya riƙa buga hatimin littafinsa kowane mako a shafin tallace-tallace na jaridar New York Times, don duk duniya ta zama shaida.

Saura tambaya ɗaya: wa zai rubuta shafi na gaba? In aka ce a yi ƙuri'a, to a intanet mutum ɗaya na iya buɗe sunaye dubu ya ce shi jama'a ne. Amsar da wani mai ɓoyayyen suna, Satoshi Nakamoto, ya bayar a takardarsa ta ranar 31 ga Oktoban 2008 ita ce a sa ƙuri'ar ta yi tsada. Duk mai son rubuta shafi sai injinsa ya ƙona wutar lantarki yana lalube har ya dace da wata lamba, abin da ake kira haƙa, kuma kusan kowane minti 10 wani yakan dace ya karɓi lada. Ranar 3 ga Janairun 2009 aka buɗe shafin farko na Bitcoin. Shi ma Nakamoto bai ɓoye sharaɗinsa ba: tsarin na da tsaro ne muddin masu gaskiya ke riƙe da fiye da rabin ƙarfin injinan.

Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan ƙa'ida tun fiye da shekara dubu. Ba su yarda labari ya kai darajar mutawatiri don kawai bakuna da yawa sun faɗe shi ba, sai sun tabbatar masu ruwaitowar sun kai yawa da bambancin da haɗa bakinsu a kan ƙarya ba zai yiwu ba a al'ada. In aka bincika aka tarar mutum ɗari duk daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko, to labarin na mutum ɗaya ne, komai yawan jerin sunaye. Haka nan ba su taɓa cewa tunda isnadi ya haɗu shi ke nan ba, sai sun bi mazajen cikinsa ɗaya bayan ɗaya sun san adalcinsu da kiyayewarsu. Da wannan ma'auni ya kamata a auna bulokcen, kuma da an ɗora shi a sikeli sai a ga ya yi sako-sako.

A ƙidaya shaidun

A fara da Bitcoin, uwa ma ba da mama. An ce kowa da kwamfutarsa ta gida zai zama mai gadin littafi. Yau haƙa ta zama sana'ar manyan 'yan jari-hujja masu rumbunan injina na musamman, waɗanda akasarinsu kamfanoni uku na ƙasar Sin, wato Bitmain da MicroBT da Canaan, ke ƙerawa. Mahaƙan kuma ba ɗai-ɗai suke aiki ba, gungu-gungu suke shiga, shugaban gungun ne kuma bisa al'ada ke tsara abin da zai shiga shafi. A tsakiyar 2014 gungu guda mai suna GHash.io ya kai rabin ƙarfin duniya baki ɗaya, aka koma ana roƙonsa ya ji ƙai ya rage. A 2023 da 2024 gungu biyu kacal, Foundry USA da AntPool, sun sha haɗa fiye da rabi a tsakaninsu. Shin in shaidu biyu za su iya rinjayar dubbai, ina mutawatirin yake?

Kada wani ya ce ai tsoro ne kawai na takarda, abin bai taɓa faruwa ba. Ya faru, an kuma maimaita. A watan Mayun 2018 wasu suka tara ƙarfin da ya haura rabi a sarƙar Bitcoin Gold, suka sake rubuta shafuka, suka kashe kuɗi ɗaya sau biyu, suka yi gaba da abin da ya kai kusan dala miliyan 18. Sarƙar Ethereum Classic kuwa sau uku aka yi mata irin wannan fyaɗe a cikin watan Agustan 2020 kaɗai. Ita babbar sarƙar ta Bitcoin abin da ke kare ta shi ne tsadar harin, tsadar kuma wuta ce ake ƙonawa ba dare ba rana. Ƙiyasin Jami'ar Kambirij ya nuna wutar da Bitcoin ke sha a shekara ta ninka wadda tashoshin Nijeriya duka ke samarwa fiye da sau biyu. Mai walda a Kano yana zaune yana jiran a kawo wuta, su kuma ana ce masa wannan ne tsarin da zai 'yanta shi.

Wai kuma ba gwamnatin da ke iya taɓa su. A 2021 gwamnatin Sin ta haramta haƙa, cikin 'yan makonni kusan rabin ƙarfin Bitcoin ya ɓace, sai da mahaƙan suka kwashe injinansu zuwa Amurka da Kazakistan kafin ya dawo. A Janairun 2022 da tarzoma ta ɓarke a Kazakistan hukuma ta katse intanet, injinan can suka yi shiru nan take. Injin yana buƙatar ƙasa da zai zauna a kai, da wuta, da layin sadarwa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da mai shi.

Da sarƙar Ethereum ta bar haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, sai ta koma tsarin jingina: mai son zama mai tantancewa ya ajiye ether 32, in ya yi ha'inci a yanke masa. Wutar ta ragu ƙwarai, wannan ba mai musu. Amma ma'anar sabon tsarin a fili take: nauyin muryar mutum gwargwadon nauyin aljihunsa, kuma ladan tantancewa na komawa ne ga wanda dama yake da shi. Talakan da ba shi da ether 32 sai ya miƙa ɗan abin da yake da shi ga manyan dillalai irin su Lido da Coinbase su jingina a madadinsa. Dillalin da aka ce an kora ta ƙofa ya dawo ta taga, har da sabuwar riga.

Littafin da ba ya gogewa

Babban kirarin da ake yi wa bulokcen shi ne abin da aka rubuta ya rubutu, ba mai iya sauya shi har abada. Tarihi ya ƙaryata wannan tun da wuri. A watan Agustan 2010 wani ya gano kuskure a manhajar Bitcoin ya ƙirƙiri sulalla fiye da biliyan 184 a tsarin da aka ce ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Lissafi bai ce uffan ba. Mutane ne, masu rubuta manhajar, suka tashi cikin 'yan sa'o'i suka yi gyara, aka watsar da shafin da ɓarnar ke ciki.

Wanda ya fi wannan fitowa fili shi ne abin da ya auku a 2016. An kafa wata ƙungiyar zuba jari a kan Ethereum mai suna The DAO, wadda aka ce ba ta da shugaba sai yarjejeniya mai zartar da kanta, jama'a suka zuba abin da ya kai kusan dala miliyan 150. A watan Yuni wani ya gano ɓaraka a rubutun yarjejeniyar ya janye ether miliyan 3.6, kusan sulusin dukiyar. Bisa aƙidar da suke yaɗawa cewa manhaja ita ce doka, mutumin bai karya komai ba, abin da manhajar ta ba shi dama ya yi. Amma da yake kuɗin manya ne ya salwanta, sai jagororin, ciki har da Vitalik Buterin, suka goyi bayan a sauya dokar sarƙar, aka kuwa sauya ranar 20 ga Yuli aka mayar da kuɗin. Waɗanda suka ƙi yarda su ne suka ci gaba da tsohuwar sarƙar da sunan Ethereum Classic. Ba ana cewa mayar wa mutane dukiyarsu laifi ba ne. Tambayar ita ce: in yau ɗan kasuwar Kantin Kwari ya yi kuskuren lamba ɗaya ya tura jarinsa inda ba ya dawowa, wa zai kira taro a sauya littafi dominsa? Littafin yana gogewa, sai dai ba don kowa ba.

Haka sarƙar Solana ta tsaya cik na kusan sa'o'i 17 a Satumban 2021, sai da masu tantancewa suka haɗu a zauren hira na Discord suka shirya yadda za a sake tayar da ita. A Oktoban 2022 da aka yi wa sarƙar BNB kutse, aka tuntuɓi masu tantancewarta aka ce su dakata, suka dakata. Abin da ake iya kashewa da kiran 'yan mutane kaɗan, da wane baki za a kira shi marar shugaba?

Mabuɗai biyar

Labarin gadar Ronin ya isa darasi ga mai hankali. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam, mai wasan Axie Infinity wanda talakawa da yawa a Filifin suka mayar sana'a, ya kafa sarƙa mai masu tantancewa 9, sa hannun 5 ya wadatar a fitar da kuɗi. Huɗu daga ciki na kamfanin ne shi kaɗai, na biyar kuma an taɓa ba kamfanin izinin sa hannu a madadinsa aka manta ba a janye ba. Ranar 23 ga Maris 2022 ɓarayi suka mallaki mabuɗan biyar suka kwashe abin da ya haura dala miliyan 600, ba wanda ya farga sai bayan kwana 6, lokacin da wani ya zo cire kuɗinsa aka ga babu. Daga baya Amurka ta ɗora alhakin a kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Sarƙar ba ta yi kuskure ba, ta ga sa hannu 5 ta buɗe ƙofa kamar yadda aka tsara ta. A takarda shaidu tara ne, a zahiri gida ɗaya ne.

Sa'an nan a tambaya, kwamfutocin da aka ce suna warwatse a duniya a ina suke zaune? Da yawansu haya suke yi a rumbunan 'yan kamfanoni ƙalilan irin su Amazon da Hetzner na Jamus. A Nuwamban 2022 Hetzner ya toshe masu tantancewar Solana da ke gidansa, fiye da 1,000 suka ɓace daga layi a rana ɗaya. Shi kuma mai waya a hannu ba ya riƙe da kwafin littafin ko kaɗan, wani kamfani yake tambaya ya gaya masa abin da ke ciki. A Nuwamban 2020 da kamfanin Infura ya sami tangarɗa, har Binance sai da ta dakatar da cire ether. A Maris 2022 kamfanin dai yana ƙoƙarin bin takunkumin Amurka ya toshe mutanen Benezuwela, daga baya ya ce kuskure ne.

Batun takunkumi kuwa shi ne ya yaye zanin gaba ɗaya. A watan Agustan 2022 Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta sa wa manhajar Tornado Cash takunkumi. Nan da nan kamfanin Circle ya daskarar da sulallan USDC da ke adireshin da aka lissafa, kuma a ƙarshen wannan shekara akwai lokacin da fiye da rabin sababbin shafukan Ethereum ke fitowa ta hannun masu shiga tsakani da ke tace mu'amala bisa jerin sunayen Washintan. An janye takunkumin a Maris 2025 bayan shari'a, amma duniya ta riga ta gani. Sulallan USDT da matasa ke tara guminsu a ciki don gudun faɗuwar Naira, kamfanin Tether na da ikon daskarar da su a kowace lalita, ya kuma sha yin haka. Wanda ya gudu daga bankin unguwarsu don kada a riƙe masa kuɗi, ya je ya faɗa hannun wanda ko wasiƙa ba zai iya kai masa ba.

Galibin masu mu'amala ma kuɗinsu ba a sarƙar yake a hannunsu ba, yana wurin dillalan canji ne. Mt. Gox ta Japan ta rushe a Fabrairun 2014 da bitcoin kusan 850,000. FTX ta rushe a Nuwamban 2022 da kusan dala biliyan 8 na masu ajiya, aka yanke wa shugabanta Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a 2024. An ba kura ajiyar nama, ana ta yabon ƙarfin kwadon da ke ƙofar ɗakin da ba naman a ciki.

Ƙarya mai hatimi

Ko da an ɗauka duk abin da ya gabata an gyara shi, akwai gurbin da lissafi ba zai taɓa cikewa ba. Sarƙa tana tsare abin da aka rubuta ne, ba ta da ido da za ta leƙa waje ta ga ko gaskiya aka rubuta. In jami'in ƙasa ya karɓi na goro ya shigar da gonar marayu da sunan attajiri, bulokcen zai buga wa zaluncin hatimi ya adana shi da kyau. In an murɗe ƙuri'a a rumfa, sarƙar za ta ɗauki murɗaɗɗen sakamako ta kai shi Abuja ba tare da ya canza ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, ba ta tsaya ga rubutun kaɗai ba, sai da ta haɗa da adalcin marubuci da shaidun da aka yarda da su.

A Maris 2018 kafafen yaɗa labaran Yamma suka cika duniya da cewa Saliyo ta yi zaɓen bulokcen na farko a tarihi. Hukumar zaɓen ƙasar ta fito ta ƙaryata. Ashe wani kamfanin Siwizalan mai suna Agora ne aka ba izinin sa ido a wasu rumfuna, ma'aikatansa suka riƙa kwafar sakamakon da hannu suna shigarwa a na'urarsu. Su ma manyan kamfanonin da suka rungumi abin da gaske sun gwada sun ajiye. Maersk na Denmak da IBM sun kafa TradeLens a 2018 don haɗa kan masu jiragen ruwa, suka sanar da rufe shi a Nuwamban 2022 saboda ba a sami haɗin kan da ake buƙata ba, don kuwa da wuya ɗan kasuwa ya zuba sirrinsa a rumbun da kishiyarsa ta gina. A wannan watan ne kuma kasuwar hannun jarin Ostireliya ta jingine nata shirin bayan shekaru ana fama, da asarar kusan dalar ƙasar miliyan 250. Ashe haɗin kai ba manhaja ke haifar da shi ba.

A gida kuma an ga eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021, kamfanin Bitt na Barbados ya gina ta a kan Hyperledger Fabric. Babban Bankin Nijeriya ne ke da iko da littafin, shi ke ba da izinin shiga. Wato an ɗauko fasahar da aka ƙirƙira don a rabu da shugaba ɗaya, aka damƙa ta ga shugaba ɗaya. A 2023 wani binciken Asusun Lamuni na Duniya ya nuna fiye da kashi 98 cikin 100 na lalitocin da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Su kuwa matasan Arewa, bayan da Notcoin ta ɗan yayyafa wa wasu a Mayun 2024, sai aka ga yaro da babba sun duƙufa suna ƙwanƙwasar fuskar waya wai suna haƙa, har ranar da Hamster Kombat ta fashe a Satumban shekarar aka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙwanƙwasa ba ta gadin littafin kowa, taron 'yan kallo ne ake tarawa a sayar wa masu talla. A Afrilun 2025 CBEX ta yi layar zana da dukiyar jama'a, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin tambaya kafin sa hannu

Ba wanda ke cewa a jefar da ilimin. Ɗaure shafuka da hatimi, da raba kwafin littafi ga ɓangarori masu zaman kansu, da buga hatimin a bainar jama'a, dabaru ne masu amfani da ke sa ɓarawon biro ya sha wuya, kuma ana iya yinsu ba tare da an sayar wa kowa sulalla ba. Ɗaliban kwamfuta a Zariya da Kano da Yamai su koye su ciki da bai, domin wanda bai san yadda tarko yake ba shi ake kamawa. Abin ƙi shi ne a mayar da fasaha gunki, a hana mutane tambaya da sunan cewa abin ya fi ƙarfin fahimtarsu.

Saboda haka duk wanda ya zo da tallar bulokcen, ɗan kwangila ne a ma'aikata ko saurayi ne a majalisa, a zaunar da shi ya amsa. Masu tantancewar nan su nawa ne, su wane ne, kuma nawa ne a cikinsu ke cin abinci a tukunya ɗaya? Mabuɗai nawa ne ke buɗe taskar, suna aljihun wa? A rumbun wane kamfani kwamfutocin suke, a ƙarƙashin dokar wace ƙasa? Wa ke da ikon sauya manhajar, wa ke da ikon tsayar da ita? Wa ke shigar da bayanin farko, wa ke sa masa ido? In kuma dukiya ta salwanta, wa za a kama, a wace kotu? In ya amsa da sunaye da lambobi, a duba a auna. In kuwa ya fara kame-kame yana cewa ai lissafi ne, ba sai an yarda da kowa ba, to shi ne mutum na farko da yake so a yarda da shi ido rufe, kuma hannunsa na kusa da aljihun mai sauraro.

'Yan majalisa da ke zartar da kasafi, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da iyayen da 'ya'yansu ke sayar da babur da keken ɗinki su zuba a abin da ba su san mai shi ba, nauyin yin waɗannan tambayoyi yana wuyansu tun kafin kuɗi ya bar hannu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu kuwa ba sa fitar da shi. Allah Ya sa a gane.